A Tambayi Matan Lafia Kafin A Auna Haɗarin Sankarar Mama

Zuwa ga Edita,

Gwajin sankarar mama bisa gwargwadon haɗari tsari ne da ake auna yiwuwar kamuwar kowace mace daban, ta la'akari da shekarunta, da tarihin cutar a danginta, da lokacin da ta fara al'ada da haihuwar fari, wani lokaci har da binciken ƙwayoyin gado irin su BRCA1 da BRCA2, sannan a tsara mata lokacin fara awo da yawansa. Ana jarraba tsarin a Amurka tun 2016 ƙarƙashin binciken WISDOM, Turai kuma tana da nata mai suna MyPeBS, kuma abin da aka fi lura da shi a can shi ne mata na karɓar ƙarin awo idan aka ce haɗarinsu babba ne, amma suna ɗari-ɗari idan aka ce a rage musu.

A Lafia lamarin ya sha bamban, domin mata da yawa ba a taɓa ɗaukar musu hoton mama ko sau ɗaya ba, alhali ƙiyasin 2022 ya nuna an samu sababbin masu cutar fiye da 32,000 a Nijeriya, galibinsu sai ta ci jiki suke isa asibiti. Inda na'urori suka yi ƙaranci, hikima ce a fara da waɗanda suka fi fuskantar haɗari, musamman ganin binciken tawagar Farfesa Olufunmilayo Olopade a Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya gano kusan kashi 15 cikin 100 na masu cutar da aka bincika suna ɗauke da lahani na gado.

Sai dai kalmar "gado" tana da nauyi a gidajen aure. Macen da aka ce mata cutar tana bin jininsu, kafin ta tuna da likita za ta tuna da 'ya'yanta mata da ba a ɗaura musu aure ba, da abin da dangin miji za su ce, da gorin kishiya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ne ke sa wata ta ɓoye ƙululun da ta ji a mamanta watanni, tana shafa maganin gargajiya ana cewa jifa ne, gudun kada a ce za a yanke mama. Ita kuwa wadda aka ce haɗarinta kaɗan ne, tana iya ɗauka ta tsira, ta daina duba jikinta gaba ɗaya. Haka nan sanar da mace haɗari ba tare da hanyar magani ba zalunci ne, tunda mai buƙatar gashin haske sai ta nufi Abuja da kuɗin mota da na masauki.

Saboda haka ana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa da likitocin asibitocin Lafia da su saurari matan da kansu, a wuraren awon ciki da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata na coci, cikin Hausa da Eggon da Alago da Gwandara. A tabbatar da sirrin sakamako, a samar da ma'aikata mata masu bayani, a kuma sanya awon cikin inshorar lafiya ta jiha kafin a fara rarraba mata rukuni-rukuni bisa haɗari.

Daga mai karanta jaridarku,
Lafia, Jihar Nasarawa.