Labarin Wasu Ƙasashe: Karnukan da suka ceci matafiya a dutsen ƙanƙara

A wannan wata labari ya fito daga ƙasar Suwis, can tsakiyar Turai. Ƙasa ce ƙarama, mai dogayen duwatsu, mai shanu da madara. Labarin wani irin kare ne, da aikin da ya yi, da abin da ya same shi sa'ad da mutane suka fara son shi don kallo.

Hanya mai cin rai

Tsakanin Suwis da Itali akwai manyan duwatsu, ana ce musu Alp. Tun zamanin da, fatake da masu ziyara da sojoji suna ƙetare su ta wata mashiga mai suna San Barnar Babba. Mashigar tana sama ƙwarai, metir 2469 bisa teku. Dutsen Bagazam na Ayar, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, metir 2022 ne. Ke nan hanyar ma ta ɗara ƙololuwar Bagazam.

Sanyin wurin ya wuce ɗarin da aka sani. Ruwan sama ba ya sauka ruwa, sai ya zubo fari fat kamar auduga. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Tana rufe hanya wata bakwai ko takwas a shekara. Matafiyi ba ya ganin sawu, ba ya ganin alama, kamar wanda guguwar rairayi ta rutsa da shi cikin Tenere. In ya gaji ya zauna, barci ya ɗauke shi, sanyi ya kashe shi. Wani lokaci kuma ƙanƙarar ta zabtaro daga saman dutse ta binne mutane.

Wajen shekara ta 1050, wani malamin Kirista mai suna Barnar ya gina masauki a kan mashigar. Duk wanda ya iso, a ba shi abinci da wuta da wurin kwana, ba a tambayar ƙasarsa ko addininsa. Har yau masaukin yana nan, malaman suna karɓar baƙi duk shekara.

Yadda kare ya shiga aikin

Wajen 1660 zuwa 1670 malaman suka fara ajiye karnuka, irin na manoman kwarin, don gadi. Da tafiya ta yi tafiya, suka ga kare yana da wani amfani. Lokacin sanyi barorin masaukin suna sauka ta gefen Suwis da ta gefen Itali, neman wanda ya maƙale. Sai suka riƙa sa kare gaba.

Aikinsa uku ne. Na ɗaya, ƙirjinsa mai faɗi yana ture ƙanƙara, yana buɗe wa mutane turba. Na biyu, komai hazo, komai duhu, ba ya ɓata hanyar gida. Na uku, hancinsa yana jin warin mutum ko da ƙanƙara ta rufe shi. Sai ya tona, ya yi haushi, har mutane su zo. An ƙiyasta cewa cikin shekara wajen 200, karnukan sun taimaka an ceci mutum kamar 2000.

Bari

A watan Mayu na 1800, Napoleyon na Faransa ya ƙetare mashigar da soja wajen 40.000. A wannan shekarar aka haifi karen da ya fi duka suna, Bari. Ya yi aiki a dutsen har 1812. An ce ya ceci mutum fiye da 40. Da ya tsufa, aka kai shi Bern, babban birnin ƙasar, ya huta. Can ya mutu a 1814, yana da shekara 14. An gyara fatarsa an ajiye a gidan kayan tarihi na Bern, har yau ana zuwa kallo.

Suna ya jawo ƙarin gishiri. Kusa da Paris akwai maƙabartar karnuka. An rubuta a jikin dutsen tunawa da shi cewa mutum na 41 ne ya kashe shi. Ba haka ba ne, tsufa ya kashe Bari. Hotuna kuma suna nuna karen da ƴar gangar giya a wuya, wai don ya shayar da wanda sanyi ya kama. Malaman masaukin sun ce karnukansu ba su yi aiki da ita ba. Zanen wani Baturen Ingila na 1820 ya baza wannan zance. Likitoci ma sun ce giya ba ta maganin sanyi. Mai sha yana jin ɗumi, amma zafin jikinsa fita yake yi.

Girma ya ɓata aiki

Ga inda labarin ya shafi makiyayi. Bari ba ƙato ba ne. Nauyinsa kilo 40 zuwa 45, gashinsa gajere. Daga 1816 zuwa 1818 an yi mugun sanyi, karnukan masaukin da yawa suka mutu a bakin aiki. Daga baya aka haɗa irin da wani kare mai dogon gashi, da tunanin zai fi jure sanyi. Ashe kuskure ne. Ƙanƙara ta riƙa daskarewa cikin dogon gashin, ta yi wa kare nauyi. Malaman suka riƙa bayar da masu dogon gashi ga mutanen kwari.

A kwari kuwa, da sauran ƙasashe kamar Ingila, masu kuɗi sun ji labarin karen, kowa yana son nasa. Amma ba don aiki ba. Wanda ya fi girman kai da faɗin baki shi ke cin gasa, shi ke da tsada. Masu kiwo suka bi kasuwa. Ƙato ya hau ƙatuwa, shekara da shekaru. Yau karen San Barnar yakan kai kilo 70 ko 80, wani ma ya wuce. Da yawansu suna fama da ciwon kwankwaso, kuma galibi shekara 8 zuwa 10 suke yi a duniya. Ko fatar Bari ba ta tsira ba. A 1923 an sake gyara ta, aka sauya siffar kansa don ya yi kama da irin da mutane suka saba gani.

Wa ke ceto yau?

A 1964 aka buɗe hanyar mota da aka haƙa ta cikin dutsen, tsawonta kusan kilometir 6. Matafiya suka daina hawa mashigar a ƙafa lokacin sanyi. Amma ƙanƙara ba ta daina binne mutane ba, musamman masu wasan sulɓi a kanta.

Wanda ƙanƙara ta rufe, lokacinsa kaɗan ne. In an tono shi cikin minti 15, tara cikin goma suna rayuwa. In an wuce rabin awa, mafi yawa numfashi ya ƙare musu. Don haka masu ceto suna zuwa da jirgi mai saukar angulu, da kare a ciki. Filin da mutum 20 za su yi awa huɗu suna caka da sanda, kare ɗaya mai horo yana gama shi cikin rabin awa. Sai dai ba San Barnar ake ɗauka ba, ya yi nauyi. Karnukan kiwon tumaki na Jamus da Beljik, da wasu marasa nauyi, su suka gaji aikin.

Abin da baƙo zai gani

A 2005 malaman suka miƙa kiwon karnukan ga wata ƙungiya mai sunan Bari, a garin Martinyi, ƙarƙashin dutsen. Can akwai gidan tarihi inda baƙi ke ganin karnukan da ƴaƴansu. Ana kuma kai wasu gidajen tsofaffi da makarantu, su ɗebe wa mutane kewa.

Daga Martinyi zuwa mashigar wajen kilometir 45 ne. Hanyar sama tana buɗe daga Yuni zuwa Oktoba. A lokacin ana hawa da wasu karnukan, masu yawon buɗe ido su biyo su. Baƙo zai ga tsohon masaukin, da tabki mai ruwan sanyi, da iyakar Itali a bakin tabkin, da ragowar hanyar da Rumawa suka sassaƙa cikin dutse. In ya biya kuɗi, sai ya yi yawo da kare tare da mai kula da shi. Karen yana da haƙuri, yara suna shafa shi, ana ɗaukar hoto. Amma tonon mutum ba aikinsa ba ne yanzu.

Abin lura

Mai zaɓen bijimi ko rago ko bunsuru na barbara, ya riƙe wannan labari. Ido yana son babba, kasuwa ma haka. Amma tambayar ita ce: uwarsa tana da nono? Yana jure rani? Yana iya tafiyar nesa zuwa rijiya? Saniyar Azawak da jar akuyar Maraɗi, amfaninsu ya ba su suna. Irin da aka ɓata cikin shekara kaɗan, gyaransa sai an daɗe.

Karen garke ma haka. Malamai sun yarda da ajiye kare don kiwo da farauta da gadin gona. Wanda ya ajiye shi, ya ba shi abinci da ruwa, ya koya masa aiki tun yana ƙarami, ya kai shi allurar ciwon hauka wurin likitan dabbobi. Bari bai yi girman jikokinsa ba, amma shi ya fid da mutum 40 daga bakin mutuwa. Hausawa sun ce: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.