Targaɗen da ya ƙi warkewa yana bukatar likitan ƙashi

A filayen ƙwallo na unguwa, inda nake horar da matasa, hanya ɗaya aka sani idan ƙafa ta gurɗe: a kai yaro wurin mai ɗori, a ja, a shafa man zafi, a ɗaure. Ban raina masu ɗori ba. Sai dai a yawancin targaɗen idon sawu ƙashi lafiyarsa ƙalau. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ta gefen waje ne ke miƙewa ko yagewa, musamman ta gaba. Jijiyar da ta yage kuwa, ja ba ya ƙara mata komai sai rauni.

Mafi yawan targaɗe na warkewa ba tare da tiyata ba: hutu, ƙanƙara, ɗauri, sannan gashin ƙashi da atisayen da ke koya wa ƙafa tsayuwa daidai. Damuwata ita ce yaron da ƙafarsa ke ta juyewa ko da ɗan dutse ya taka, bayan wata uku zuwa shida ana yi masa gashi yadda ya kamata. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, shi ya sa ake ce wa iyaye babu komai. Likitan ƙashi zai gwada sakin gaɓar da hannu, wani lokaci ya nemi hoton MRI.

Irin wannan ne ake yi wa aiki. Wanda aka fi yi shi ne na Lennart Broström, likitan ƙasar Suwidin da ya bayyana shi a 1966: a tsuke jijiyar da ta saki, a ɗinke ta a mazauninta. A 1980 wani likita mai suna Gould ya ƙara dabarar janyo wani tantani da ke kusa don ƙarfafa ɗinkin. Idan jijiyar ta lalace ƙwarai, sai a ciro wata daga cinyar mutum a dasa. Bayan aiki akwai makonni cikin siminti ko takalmin asibiti, da watanni kafin a koma fili.

Aikin da tsada, na sani. Amma gaɓar da aka bari tana rawa tana cinye guringuntsinta, ƙarshenta amosanin gaɓa tun da ƙuruciya. ’Yan’uwana masu horarwa da iyaye, idan targaɗe ya yi ta dawowa a ƙafa ɗaya, ku kai yaron Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko mafi kusa da ku, kafin ku sake sa shi a wasa.