Ra'ayinmu: A ba yaran Zango ɗakin judo da kareti, a kuma tsare musu lokacinsa

Duk wanda ya san unguwanninmu, daga Nima da Mamobi da Fadama a Accra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san ba ƙarfi ne ya yi wa samarinmu ƙaranci ba. Ga masu ɗaga ƙarfe a bayan gida, ga masu tsalle-tsalle suna kwaikwayon abin da suka gani a fim, ga yara da ke bugun iska a lungu suna cewa kareti suke yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za a ladabtar da wannan ƙarfi, da malamin da zai tsaya a kai, da lokacin da ba ya sauyawa. Wannan shafi na ganin lokaci ya yi da al'ummar Zango za ta ɗauki horon judo da kareti da muhimmanci, kuma ta fahimci cewa amfaninsa duka yana cikin zuwa a kai a kai ne.

Mu fara da asalin abin. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Japan, Jigoro Kano, shi ya ƙirƙiro judo a shekarar 1882 a birnin Tokiyo. Ya fara ne a wani ɗan ɗaki mai tabarma 12 da almajirai ƙalilan, ya sa wa makarantar suna Kodokan, kuma tana nan har yau. Ya tace tsofaffin dabarun faɗa na ƙasarsu, ya ware masu haɗari daga cikin kokawar yau da kullum, domin mutum biyu su iya gwada ƙarfinsu a yau, gobe kuma su dawo lafiya su sake. Shi kuwa kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, kuma Gichin Funakoshi ne ya kai shi Tokiyo a 1922. Judo ya shiga gasar Olamfik a 1964, kareti kuma ya samu shiga a gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

To, me ake yi a ɗakin horon? Wanda ya je da niyyar koyon duka zai sha mamaki. A judo, darasin farko shi ne faɗuwa. Yaro zai yi makonni yana koyon yadda zai faɗi ta baya, ta gefe, ta gaba, ya kare kansa da wuyansa, kafin a bar shi ya kayar da kowa. Bayan nan sai maimaita shiga dabara ɗaya tare da abokin horo, sau goma, sau hamsin, sau ɗari, ba tare da an kayar ba. A kareti ma haka ne: tsayuwa, taku, naushi ɗaya, kariya ɗaya, ana ta nanatawa har jiki ya haddace. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan hanya. Ai ba a sauke Alƙur'ani da karatun wata guda, kuma wanda ya bar tilawa ya san yadda hadda ke zubewa. Jiki ma haka yake. Ka yi wata biyu ba ka zo ba, numfashi ya gajarta, ƙafa ta yi nauyi, wanda ka fi jiya ya wuce ka.

Akwai wata al'ada a Kodokan da ta kamata mu lura da ita. A watan Janairu, lokacin da sanyin Japan ya fi tsanani, suna yin horo na musamman da asuba, kwanaki a jere. A ƙarshe ana karrama waɗanda ba su yi fashin ko rana ɗaya ba. Ba a tambayar mutum nawa ka kayar. Ka zo kullum? Shi ke nan. Haka kuma baƙar ɗamarar da yaranmu ke mafarki, sunan matakinta na farko a harshensu yana nufin matakin fari ne. Wato bayan shekaru ana fama, sai a ce maka yanzu ka fara. Wannan ya yi daidai da abin da malamanmu suka sha karantar da mu, cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, ya fi mai yawan da ake yi yau a watsar gobe.

Me ya sa muka damu da wannan a Zango musamman? Domin mun san inda ƙarfin da ba shi da mai shi yake ƙarewa. Ba mu manta da abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairun 2019 ba, inda aka yi harbe-harbe aka jikkata mutane, lamarin da ya sa majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekarar, mai hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: in ana neman 'yan macho lokacin zaɓe, ko masu gadin fili a rikicin ƙasa, unguwanninmu na cikin wuraren da ake fara leƙawa. Ɗan siyasa zai ba yaro 'yan sidi da babur, in abu ya ɓaci kuma uwar yaron ce ke zaryar kurkuku da abinci. 'Ya'yan mai gidan suna jami'a. Ga kuma tiramol da sauran ƙwayoyi da ke cin samari a majalisun da ake kwana ana shan ataya babu aikin yi. Mai Martaba Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya daɗe yana kira ga matasa da su guji a yi amfani da su wajen tayar da fitina. Wa'azi ya yi nasa. Saura mu nema wa yaron inda zai kai ƙarfinsa da ƙarfe biyar na yamma.

Za a ce, to ba ƙara wa ɗan daba makami za ku yi ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu ce babu haɗari ko kaɗan ba. Amma a duba yadda wasan yake hukunta mai wuce gona da iri. A wasan ƙarshe na kareti na masu nauyi a Olamfik ɗin Tokiyo, ranar 7 ga Agustan 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran bugun ƙafa da ya sumar da shi. A titi da an ce ya yi nasara. A can kuwa alƙalai suka kore shi saboda bai riƙe ƙarfinsa ba, aka ba wanda aka fitar a kan gadon marasa lafiya lambar zinare. Yaron da ya yi shekara uku a wurin da ake koya masa cewa rashin riƙe hannu faɗuwa ce, ba zai yi saurin zama abin haya ba. Kuma mai neman fitina ba ya da haƙurin yin wata uku yana koyon faɗuwa. Shi da kansa yake gudu.

Sai dai duk wannan ya dogara ne ga malamin. Japan ɗin kanta ta ga illar sakaci: bincike ya nuna yara fiye da 100 sun rasu a horon judo na makarantu cikin kimanin shekara 30, yawancinsu sababbin shiga, kuma galibi raunin kai ne. A 2013 kocin tawagar matan ƙasar ya yi murabus bayan 'yan wasa 15 sun kai ƙarar duka da cin mutunci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Saboda haka kada iyaye su miƙa ɗansu ga duk wanda ya ɗaura baƙar ɗamara ya ce shi masta ne. A tambaye shi wa ya ba shi, kuma ko hukumar judo ko ta kareti ta ƙasa ta san da zamansa. A je a zauna a kalli horon. Malamin da ke dukan yara da sunan koya musu juriya, ko yake haɗa sabon shiga da ƙato, ko yake sa a yi kayarwar judo a kan siminti, a janye yaro daga hannunsa tun kafin a yi da na sani. Yaron da ya bugu a ka har ya ga jiri, asibiti za a kai shi, ba a ce masa tashi ka ci gaba ba.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya wa iyaye da yawa a rai, wato sunkuyawar gaisuwa. A al'adar Japan ana rusunawa lokacin shiga ɗakin horo da gaban abokin karawa, wasu wuraren har a durƙusa a fuskanci hoton wanda ya kafa wasan. Malamai da dama sun hana sunkuya wa mutum don gaisuwa, wasu kuma sun bambance tsakanin ɗan kaɗa kai da abin da ya yi kama da ruku'u ko sujada. Jarida ba ta ba da fatawa. Abin da muke cewa shi ne kada a bar yaro shi kaɗai da wannan damuwa, kada kuma a rufe ƙofa gaba ɗaya ba a zauna an tattauna ba. Limaman unguwa su zauna da masu horarwa su ga abin da ido. A ɗakin da mu muka gina, babu wanda ya tilasta mana rataye hoto ko durƙusa masa, ana iya buɗe horo da sallama da musafaha. Abin da ya rage shi ne dokar gasa, inda ake neman 'yan wasa su ɗan rusuna, kuma a nan ne ake buƙatar malamai su yi bayani ƙarara. Ba mu ne Musulmin farko da suka fuskanci wannan ba. Masar da Aljeriya da Maroko da Uzbekistan duk sun yi nisa a waɗannan wasanni. Tun a Olamfik ɗin 1984 Muhammad Ali Rashwan na Masar ya ci azurfa a judo, har aka karrama shi daga baya bisa cewa bai mayar da ƙafar abokin karawarsa, Yasuhiro Yamashita, da ta ji rauni abin hari ba.

'Yan mata fa? Kada a manta da su. Hukumar kareti ta duniya ta amince da sanya hijabi na musamman a gasa tun 2013, kuma Feryal Abdelaziz, wadda ta karanci harhaɗa magunguna, da kanta a rufe ta ci zinare a Tokiyo, ta zama mace ta farko da ta kawo wa Masar zinaren Olamfik. A judo lamarin ya fi tsauri saboda riƙon wuya da shaƙewa da ke cikin wasan, shi ya sa a 2012 sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin a bar Wojdan Shaherkani ta Saudiyya ta shiga da wata hula mai kama kai. Don haka ga yarinyar da ke son gasa, kareti ya fi sauƙi. A ware wa mata ranakunsu, a nemo mace mai horarwa, iyaye mata su riƙa leƙawa. Yarinyar da ke tallan dare ko take dawowa makaranta ita kaɗai, ba ta yi asara ba in ta san yadda za ta ƙwace hannunta ta gudu.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Na farko, wuri na dindindin. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu unguwanni, kuma an gode. Ɗaki guda mai rufi da katifun judo bai kai kuɗin fili ɗaya ba, kuma damina ba ta hana shi aiki. Kareti ma daɓe mai kyau kawai yake buƙata, ajin makarantar Islamiyya da ke kulle da yamma ya isa. Hukumar JICA ta Japan ta daɗe tana tura masu aikin sa kai ƙasashe masu tasowa, har da malaman judo. Sarakunan Zango da 'yan majalisarmu su rubuta su nema, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Na biyu, lokaci tsayayye: kwana uku a mako, bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Kada ya ci karo da boko ko makarantar allo, kada kuma a ɗage shi saboda biki ko taron siyasa. Da azumi a sassauta, a mayar da shi bayan Tarawihi, amma kada a rufe. Na uku, rajista. A riƙa kiran suna kamar a makaranta, wanda ya yi fashin mako a bi shi gida a ji dalili. Duk wanda aka samu da faɗan titi ko ya shiga bangar siyasa, a dakatar da shi. A ƙarshen shekara a kira iyaye da limami a karrama wanda ya fi kowa zuwa, ko da bai taɓa cin kofi ba. Na huɗu, a biya malamin. Wanda ke koyarwa kyauta, ranar da ya samu aiki ɗakin ya mutu. 'Yan kasuwarmu da 'yan uwa mazauna Turai da Amurka, da ke kashe kuɗi a gasar ƙwallon sallah ta kwana uku, za su iya ɗaukar albashin koci ɗaya na shekara.

Mun ga abin da unguwa ɗaya za ta iya. Bukom ba ta fi Nima arziki ba, amma ƙananan ɗakunan damben da ba sa rufewa a can sun sa duniya ta san Ghana, daga zamanin Azumah Nelson da Ike Quartey har zuwa tagullar da Samuel Takyi ya ciyo a Tokiyo. Ba mu yi wa kowane uba alkawarin lambar yabo ba, yawancin yaran ba za su taɓa hawa jirgi don gasa ba. Abin da za a samu shi ne saurayi mai lafiya, mai barci da wuri, wanda ya saba a kayar da shi ya tashi ya miƙa hannu, kuma akwai babban da zai tambaye shi in bai zo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, in kun kai yaro, to ku tsaya masa ranar da ya ce ya gaji, domin wannan ranar tana nan tafe a wata na biyu ko na uku.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.