Hutun Disneyland: A Karanta Sharuɗɗan Otal Kafin A Biya

Da zarar makarantu sun sallami yara dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, akwai gidajen da iyaye ba sa sake samun sakat saboda maganar Disneyland. Galibi gidajen likitoci ne da ma'aikatan banki da lauyoyi, sai kuma 'yan ƙalilan daga cikinmu malaman jami'a da suka samu buɗi ta wata hanyar da ba albashi ba. Na san akwai mai karatun da zai ce, a wannan marra da buhun shinkafa ya gagari talaka, wa yake da sukunin zancen wasan yara a Faransa? Maganarsa tana kan hanya. To amma mutumin da ya yi shekara biyu ko uku yana tara halaliyarsa domin ya cika wa 'ya'yansa alkawari bai yi abin zargi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda kaso mai tsoka na wannan tari yake zurarewa a mataki guda, wato wajen kama masauki, alhali babu ɓarawon da ya tare hanya. Mai kuɗin ne kawai bai tsaya ya karanta abin da ya amince da shi ba.

Wani abokin aikina, mutumin da waƙafi ɗaya ba ya kuɓuce masa a kundin ɗalibi mai shafi 300, ya kwashi iyalinsa su bakwai zuwa Disneyland ta Paris a wani hutu da ya gabata. Bayan biza ta fito sai ya hango wani otal mai rahusa a intanet, an rubuta "ɗakin iyali", an kuma ce yana "kusa da Disneyland". Bai ko gyara adadin mutanen da shafin ya saka da kansa ba, ya sauya masauki, ya biya. Suka isa da daddare, yara na gyangyaɗi, ma'aikacin karɓar baƙi ya ƙirga kawuna ya ce ɗakin na mutum huɗu ne. Malam ya yi roƙo irin namu, ya ce a ba shi barguna ya shimfiɗa wa yara a ƙasa. Ma'aikacin ya ce ƙa'idar kariya daga gobara ba ta san roƙo ba. Haka ya kama ɗaki na biyu a farashin ranar. Da gari ya waye kuma ya gano cewa "kusa" ɗin nan tafiyar kusan kilomita 20 ce.

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka ta nan zan ɓullo wa lamarin. A ilimin ma'ana mukan koya wa ɗalibai cewa akwai kalmomin da ba su da ma'auni a jikinsu sai wanda mai magana ya ɗora musu, irin su "kusa" da "babba" da "araha". Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a ƙauye aka nuna masa da leɓe aka ce "nan gaba kaɗan ne", sannan ya share awa biyu yana tafiya, ya riga ya halarci wannan darasi. Mutumin ƙauyen bai yi ƙarya ba, da ƙafarsa ya auna. Masu tallar otal ma haka suke, shi ya sa babu kotun da za ta kama su. Sun dai ƙware wajen zaɓo kalmomin da mai saye zai cike giɓinsu da fatansa.

Da farko dai Disneyland ta Paris ba a cikin Paris take ba. An buɗe ta ranar 12 ga Afrilu, 1992 a yankin Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, aka ƙara mata fili na biyu a 2002. Shi kuwa Marne-la-Vallée ba unguwa ba ce. Sabon gari ne da gwamnatin Faransa ta tsara tun shekarun 1960, ya haɗa garuruwa sama da 20 a jere. Otal ɗin da ke Noisy-le-Grand, a can bakin yamma, yana da ikon liƙa wa kansa sunan yankin, ko da yake filin wasan yana ɗaya bakin na gabas. Ma'aunin da ba ya ruɗi shi ne layin jirgin ƙasa na RER A: tashoshi nawa ne tsakanin otal ɗin da tashar ƙarshe, Marne-la-Vallée–Chessy, wadda take daf da ƙofar shiga? Daga tsakiyar Paris tafiyar minti 40 ce ko kusa da haka, kuma layin yana rabuwa biyu bayan tashar Vincennes, ta yadda wanda ya hau jirgi bai duba allo ba zai tsinci kansa a Boissy-Saint-Léger da yara suna kallonsa.

Nisa yana da nauyi a nan domin wurin ba Magicland na Abuja ba ne, da za a shiga da la'asar a fito kafin magariba. A 2023 filayen biyu sun karɓi baƙi sama da miliyan 15. Yini ne cur na tafiyar ƙasa da tsayuwa a layi, kuma a lokacin bazarar Turai rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi ko goma, wasan wutar da yara suka fi ɗoki kuwa sai lokacin rufewa ake yin sa. Yaro ɗan shekara biyar kan sare tun azahar. Amfanin ɗaki na kusa shi ne a iya komawa a yi salla, a watsa ruwa, a yi ƙailula, a dawo da yamma da sabon ƙarfi. Wanda ya sauka a tsakiyar Paris ba shi da wannan dama, zai ƙare da goyo da saɓa a jirgin ƙarfe sha ɗayan dare. A ganina, mai ƙananan yara da ya yi haka don ya rage kuɗi ya sayi wahala ne da kuɗinsa. In ana son ganin birnin, a raba kwanakin, wasu a kusa da filin, wasu a Paris.

Kamfanin Disney yana da otal shida a kewayen filin, da wani sansanin gidajen katako mai suna Davy Crockett Ranch. Disneyland Hotel a kan ƙofar shiga yake, shi ne kuma mafi tsada. Cheyenne da Santa Fe su ne masu sauƙi, tafiyar kamar minti 20 a ƙasa, ko a hau bas kyauta. Duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikinsu ana barin sa ya shiga filin kimanin awa guda kafin sauran jama'a, kuma a cikin wannan awa yara za su hau abubuwa biyu ko uku da in rana ta take sai an yi musu doguwar tsayuwa. Haka nan idan daga kamfanin aka kama ɗakin, galibi farashin ya haɗa da tikitin shiga na kwanakin zama. Wannan ne ke ruɗar masu kwatanta farashi: sai mutum ya ga otal guda da rahusa a wani shafi ya yi murna, bai lura ɗaki kaɗai aka sayar masa ba. Jimillar ɗaki da tikiti da abinci da sufuri ake aunawa da jimilla.

Sai dai waɗannan otal-otal an gina su ne da iyalin Bature a zuci, uba da uwa da yara biyu. Yawancin ɗakunan mutum huɗu suke ɗauka, da gadon jariri in an nema. Mu kuwa kan tafi da yara huɗu ko biyar, ga ƙanwar uwargida da aka ɗauko don ta taya riƙon yara. Kalmar "yaro" ma tana da iyaka a wurinsu: wanda bai kai shekara 3 ba yana shiga filin kyauta, daga 3 zuwa 11 kuɗin yara, ɗan shekara 12 kuwa babba ne a wajen tikiti ko da har yanzu ana yi masa wanka a gida. Ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani sau da yawa roƙo ne da ake dubawa, ba alkawari ba. Gidajen Davy Crockett na ɗaukar mutum shida kuma da kicin a ciki, amma babu bas, sai mai mota. Don haka ga babban iyali na fi karkata ga Val d'Europe, tasha ɗaya tak kafin filin, inda ake samun masaukai masu ɗakuna da kicin, ga katafariyar cibiyar kasuwanci da babban kantin kayan abinci. Uwargida ta dafa abin da hankali ya kwanta da shi, a huta da bin faranti ana tambayar wane nama ne wannan. A dai bar kilishi da dambun nama a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje.

Taurarin da ake jera wa otal su ma kalma ce. A Faransa hukumar Atout France ce ke ba da su bisa jerin ƙa'idoji na faɗin ɗaki da kayan aiki da hidima, kuma ɗakin mutum biyu a otal mai taurari uku zai iya zama murabba'in mita 13.5 har da banɗaki. Ba kowane otal ba ne yake da na'urar sanyaya ɗaki. Mai ganin Turai sanyi ce zalla ya tuna cewa ranar 25 ga Yulin 2019 zafi ya kai digiri 42.6 a Paris, zafin da ko a Sakkwato sai an yi maganarsa.

Akwai kuma 'yar ƙaramar kalmar nan "daga" da ake maƙalawa a gaban farashi. Abin da take nufi shi ne farashin dare mafi araha a shekara, wataƙila wata Talata a tsakiyar hunturu. Dogon hutunmu ya faɗo daidai da na Faransawa, Yuli da Agusta, lokacin da ɗaki da tikiti duk suke tashi. Bayan haka akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baligi a kowane dare, wanda aka ƙara sosai a yankin Paris daga farkon 2024.

Amma inda kuɗi suka fi halaka shi ne sharaɗin sokewa, kuma a nan ɗan Nijeriya yana da matsalar da Bature ba shi da ita. Ofishin jakadanci ba zai duba takardun biza ba sai da shaidar masauki, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da kuɗin biza da suka koma Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024. A shekarar 2024 an ƙi amincewa da sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Schengen da aka shigar daga Nijeriya. Shafukan otal kuwa kan jera farashi biyu na ɗaki guda, ɗaya mai rahusa da ba a mayar da kuɗinsa, ɗaya mai ɗan tsada da ake iya sokewa. Wanda ya zaɓi na farko kafin fasfo ya dawo hannunsa caca ya yi da abincin 'ya'yansa. Kada kuma wani ya dogara da dokar Turai da ta ba mai sayayya ta intanet kwana 14 ya sauya shawara, domin an cire ɗakin otal da aka kama don wata rana takamaimai daga cikinta. Shi kansa "sokewa kyauta" yana da rana da awa da yake ƙarewa, da agogon can. A rubuta wannan rana a inda ido zai riƙa ganin ta.

Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar sayen takardar otal ta bogi a hannun 'yan kanzagin da ke shawagi a bakin cibiyoyin biza. Ban ga hikima a nan ba. Jami'an biza na iya tuntuɓar otal, kuma ƙin da aka yi wa mutum saboda takardar ƙarya yana shiga rumbun bayanan da ƙasashen Schengen ke amfani da shi tare, ya biyo shi duk inda ya sake nema. Alhali ɗaki na gaskiya mai damar sokewa ba ya cin ko kwabo sai ranar biya.

Ranar biyan ma abin lissafi ce. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Yuro ɗaya da ake samu a wajen Naira 500 a farashin gwamnati ya haura Naira 1,500 a 2024. Wanda ya zaɓi "a biya a otal" ya bar farashinsa a buɗe har ranar da ya sauka. Shawarata ita ce a riƙe ɗaki mai damar sokewa har biza ta fito, sannan a biya ba tare da jinkiri ba. A kuma tambayi banki iyakar abin da kati zai iya fitarwa a waje, domin otal da yawa kan riƙe wani kuɗi na jingina a katin baƙo ranar shiga, wasu ma sai sun ga ainihin katin da aka biya da shi. Wannan kan kama waɗanda wani ɗan'uwa a Landan ya biya musu da nasa katin.

A 2023 an yi ta ba da rahoton 'yan damfara da suka kutsa cikin asusun otal-otal a shafin Booking.com, suna aika wa baƙi saƙo ta cikin manhajar kanta cewa a sake tabbatar da kati ko a soke ɗaki. Saƙon kan zo da sunan mutum da ranakunsa daidai, shi ya sa har masu wayo suka faɗa. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da buƙatar lambar kati, a ajiye shi a kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsa na ainihi. Ko ba saƙon damfara, yana da kyau a rubuta wa otal wasiƙar imel da adadin mutane da shekarun kowane yaro, a nemi amsa a rubuce cewa ɗakin zai ɗauke su, a buga amsar a takarda a haɗa ta da fasfo.

Abokin nan nawa bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da ya dawo ya zauna ya yi lissafi, ya ce mini kuɗin ɗaki na biyun nan na kwana biyar ya kai kuɗin makarantar babbar 'yarsa na zango guda. Yaran kuwa, da ba su san an yi ba, tuni suka fara tambayarsa yaushe za a koma.