Wai haɓa ce ke yin tari?

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni. Maganar tana da tsawo, kuma na san wasu abokaina za su ji zafi. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, ba inda zan gudu.

Bayan da Gwamnatin Tarayya ta wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a daga ranar 4 ga Mayun 2020, mun ƙirƙiro wata sabuwar al'ada da ban san inda muka samo ta ba: takunkumi a haɓa. A lokacin, wanda ya shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari ranar da aka buɗe gari ya sha kallo. Yawancin mutane ma babu komai a fuskarsu. Masu shi kuwa, wani ya rataya a kunne ɗaya, wani ya ɗaura a gwiwar hannu, wani nasa na aljihu tare da goro da canji. Sai an hango shingen masu kaki ɗan Adaidaita ya ce “a ɗaga, a ɗaga”, kowa ya ja sama, ana wucewa a sauke. Mun mayar da shi takardar tsallake shinge. To don Allah haɓa ce ke tari? Ko da gwiwar hannu ake atishawa?

Kafin wani ya rubuto min “babu korona”, bari in tuna mana abin da ya faru a garin nan. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Kano. Kafin watan ya ƙare masu haƙar kabari sun fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Kullum ka buɗe waya, Innalillahi. Malamai, farfesoshi, 'yan kasuwa, dattawan unguwa. Aka ce zafi ne, aka ce hawan jini ne, aka ce azumi ne, sai ka ce a shekarar aka fara zafi da azumi a Kano. A farkon watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken tawagar da aka turo: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a wancan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona. Ko ka raba maganar minista biyu ka zubar da rabi, abin da ya rage ɗaruruwan iyayen mutane ne. Wanda ya yi zaman makoki a watan Afrilun 2020 ba ya buƙatar wani ya rantse masa.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ba sa yarda da sauri, kuma ba wauta ba ce. A garin nan ne a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, aka yi asarar rayuka, wasu suka nakasa. Wannan tabon yana cikin abin da ya haifar da ƙin allurar shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma a nan fa tsumman ne da gaske! Ba allura ba ce, ba ƙwaya ba ce, ba wani abu da Bature ya dama a kwalba ba. Ƙyallen atamfar matarka ne, telan layinku ya ɗinka, kai ka wanke da hannunka. Ina makircin Yahudu ya shiga tsakanin keken Butterfly da hancinka?

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne, takunkumin ƙyalle ba don kai aka fi yin sa ba. Don na kusa da kai ne. Cutar nan tana fita ne a cikin ɗigon yawu da majina, ba sai ka yi tari ba, magana ma ta isa, balle irin tamu ta ciniki da ɗaga murya. Kuma mugun halinta shi ne mutum zai iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko ciwon kai, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Saurayi ɗan shekara 25 ya ɗauko a majalisa, ya koma gida garau, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa mai ciwon suga. Shi ba abin da zai same shi. Ita ce za a kwasa cikin dare ana neman asibitin da zai karɓa. Shi ya sa “ni ai lafiyata ƙalau” ba hujja ba ce, domin mai yaɗawar ma abin da yake faɗa ke nan.

Akwai 'yan boko-boko da ke cewa ai ƙwayar cutar ta fi ramin saƙar yadi ƙanƙanta, don haka aikin banza ne. Gaskiya ne ta fi ƙanƙanta. Amma ba ita kaɗai take tafiya ba, a cikin ɗigon ruwa take, kuma ɗigon ne ƙyalle ke tarewa tun a bakin ƙofa. Ba ya tare duka, ba wanda ya ce yana yi. Gidan sauro mai ɗan huji ma ya fi kwana a fili. Masu cewa zai hana su numfashi kuma, likitan tiyata yana awa biyar, shida da shi a fuska yana yanka cikin mutum, bai faɗi ba. Ɗan acaɓa yana naɗe fuska da ƙyalle tun safe har dare lokacin hunturu saboda ƙura. Mata masu niƙabi suna yawo da shi a zafin Afrilu. Sarakunanmu da amawali suke zaman fada, Buzaye kuwa ganin bakin babban mutum ma abin kunya ne a wajensu. Mu da rufe baki ya zama alamar girma a wajenmu tun kaka da kakanni, yau mu ne ke cewa za mu shaƙe?

Ina zargin sunan ma ya yi mana illa. A Hausa takunkumi na jaki ne da raƙumi da ɗan maraƙi. Ka ce wa dattijo mai furfura ya sa takunkumi, ai ka zage shi kafin ka fara bayani. Da tun farko 'yan rediyo sun kira shi amawali, wataƙila da yanzu ana gasar wanda nasa ya fi kyau. Amma sunan ya riga ya bi shi.

Sai masu tawakkali. Wallahi wannan ce ta fi ba ni ciwo, don ana jingina lalaci ga addini. Annabi (SAW) idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa. Shi ne ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da manyan sahabbai, da ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Wane ne a cikinmu ya fi Umar tawakkali? Saudiyya ta dakatar da Umara a watan Maris na 2020, mun ga Harami fayau a talabijin. Kai kuma kana kulle shagonka da kwaɗo uku, kana sa wa babur ɗinka sarƙa a ƙofar masallaci, amma sai a kan ran mutane ne tawakkalinka ke motsawa.

Wannan gardamar ma ba sabuwa ba ce. A 1910 annoba mai kama huhu ta ɓarke a yankin Manchuriya na ƙasar Sin. Wani matashin likita, Wu Lien-teh, ya ce ta numfashi take yaɗuwa, ya haɗa abin rufe baki da hanci da auduga da bandeji. Wani babban likita Bafaranshe mai suna Mesny ya raina shi, ya shiga ɗakin marasa lafiya fuska a buɗe. Cikin 'yan kwanaki ya kamu, ya mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu bari in juyo kan masu mulki, don kada a ce talaka kawai na iya. Ku ne kuka fara kashe maganar nan. Ranar 18 ga Afrilun 2020 duk ƙasa ta kalli jana'izar Malam Abba Kyari a maƙabartar Gudu, Allah ya jiƙansa, manya sun cunkushe kafaɗa da kafaɗa, a daidai lokacin da aka hana talaka sallar Juma'a. A lokacin kullum muna ganinku a taro, mai jawabi ya ja takunkumi ƙasa ya yi magana, wato ya cire shi a daidai lokacin da ya fi amfani. Sannan kuka mayar da dokar lafiya aikin bulala. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Mutumin da aka koya wa sa takunkumi da kulki, don mai kulki zai riƙa sawa. Takunkumin haɓa ɗanku ne, ku kuka haife shi.

Kuma ku dubi abin kunya: ranar 15 ga Yunin 2020 likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki, cikin ƙorafinsu har da rashin kayan kariya da alawus ɗin haɗari na naira 5,000 a wata. Nas tana maimaita takunkumi ɗaya na kwanaki, alhali mai gida yana zaune shi kaɗai a bayan jif, gilas a rufe, da N95 a fuska. Wani ma irin mai ɗan murfi a gefe yake sawa don ƙawa, wanda ke fitar da numfashinsa waje ba tacewa. Ya kare kansa ya bar kowa. Na asibiti a bar wa 'yan asibiti, don Allah. Idan likita ya kwanta, ni da kai wa zai duba mu?

Mu namu yana hannun tela, kuma a nan ne nake ganin mun yi babbar asara. Ƙasar Cek ta wajabta rufe fuska a tsakiyar Maris na 2020, lokacin babu shi a kantuna, mutane suka fito da kekunan ɗinki suka wadata kansu cikin 'yan kwanaki. A nan gida Ben Ayade, lokacin yana gwamna, ya sa masaƙar tufafi ta Kalaba ɗinka shi. To mu fa? Wane gari ne a Afirka ta Yamma ya fi Kano yadi da teloli? Ga Kwari, ga shagon ɗinki a kowane lungu daga Fagge zuwa Ɗorayi. Telolin nan kulle ya cinye musu kakar ƙaramar Sallar 2020, lokacin da suke samun na biyan haya da na makarantar yara. Yadi ɗaya na auduga zai fitar da takunkumi kusan goma masu ninki biyu, turmin atamfa kuwa yadi shida ne, ku yi lissafi. Da kowace ƙaramar hukuma ta kira ƙungiyar telolinta, ta ba su yadi da roba da kuɗin aiki a hannu, masu unguwanni su raba gida-gida, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Maimakon haka sai kwangila, sai bikin ƙaddamarwa, sai takunkumi mai hoton ɗan siyasa da tambarin jam'iyya. Har numfashinmu sai an yi kamfe da shi. Ba zan ma taɓo masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da muka bari suka mutu ba, don in na fara ba zan gama yau ba.

Teloli, ku ma ina da magana da ku, cikin girmamawa. Wasu na ɗinka falle ɗaya na yadi mai santsi, wasu har da leshi mai huji don ya dace da ɗinkin Hajiya. Wannan ado ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 5 ga Yunin 2020 ta ce ninki uku: na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya mai tacewa, na waje wanda ba ya shan ruwa. In ukun bai samu ba, ninki biyu na auduga mai matsattsiyar saƙa ya fi babu nesa ba kusa ba. A wanke yadin tukuna a fitar da sitaci. A yanka shi da faɗi, ya rufe daga karan hanci har ƙasan haɓa, kada gefe ya yi hamma. In roba ta yi tsada ko tana cin kunne, a yi masa igiya a ɗaure ta ƙeya. Mai saye ya ɗaga shi a rana: in kana hango haske tar ta cikin saƙar, ajiye. Ko ka sa ka hura ashana, in ta mutu nan take, kuɗinka ka zubar.

Masu tallarsa a danja kuma, haba! Mutum ya gwada a fuska, bai yi masa ba, ya mayar, na baya ya zo ya gwada. A ƙulle kowanne a leda, wanda ya buɗe ya saya. Kai da ka saya, kada ka sa sai ka wanke da sabulu ka shanya a rana ka goge. Ka mallaki biyu, ɗaya a fuska ɗaya a igiya. In ya jiƙe da gumi canza shi. Ta igiya ake cirewa, ba a damƙar gabansa, sannan a wanke hannu. Ba a aro, ko tsakanin mata da miji. Kuma kada a ɗaura wa jariri ko yaron da bai kai shekara biyu ba, haɗari ne.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. An buɗe masallatai, alhamdu lillahi, kuma sahun gaba dattawa ne, su ne cutar ta fi kayarwa. Kowane kwamitin masallaci ya ware kuɗin turmi biyu daga asusun Juma'a, a ba telan unguwa, a ajiye a ƙofa cikin leda, wanda ya zo babu a miƙa masa ba tare da tsawa ba. Liman ya hau mumbari da nasa a fuska, don abin da aka gani a fuskar malam ya fi sanarwar rediyo ɗari. Shugabannin kasuwa da na tasha su yi haka. Mu nan layinmu mun fara haɗa naira ɗari biyu-biyu, tela ya ce zuwa Alhamis zai kawo kashin farko. Wanda ya san telan da ke ɗinka mai ninki uku da kyau a unguwarsu ya rubuta sunan unguwar a ƙasa, masu nema su gani.