Wa Zai Kama Hannun Ɗalibi Ya Shiga da Shi Laburare?

Asabar ɗin da ta wuce 'yar wani maƙwabcina a nan cikin birnin Kano ta yi sallama da takardu a hannu. Tana aji huɗu a wata jami'a, kuma mahaifinta ne ya ce ta kawo mini babi biyu na kundin kammala digirinta in duba kafin ta miƙa wa malamin da ke duba aikin. Batun da ta zaɓa ya faranta mini rai, domin a kan sana'ar rini ne da yadda marinar Ƙofar Mata take ja da baya. Al'adata ce in fara karanta irin wannan aiki daga ƙarshe, wato daga manazarta, don in ga wurin wa aka yi karatun. Sunayen marubuta ga su nan a jere, da sunayen mujallu, da shekara, da lambar shafi, komai tsaf. Na ɗauki waya na shiga neman su ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikinsu babu su. Ba wanda ya taɓa rubuta su.

Na ce, "'Yata, ina kika samo waɗannan?"

Ta ce, "Baba, ChatGPT ne ya ba ni. Kowa ma haka yake yi."

Na tambaye ta ko ta je laburare ta nemi wani ma'aikaci ya taimaka mata. Ta yi shiru, sannan ta ce su dai sukan shiga idan jarrabawa ta matso, don akwai kujera da fanka da wurin cajin waya, amma ba ta san ana zuwa a tambayi ma'aikatan wani abu ba.

Ban ji haushin yarinyar ba ko kaɗan. Tausayinta na ji, haushin kuma ya tafi kan manya. Mutumin da ya fi kowa bin diddigin tarihin rini a ƙasar Kano, Farfesa Philip Shea, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan sana'a tun 1975, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana koyar da tarihi a garin nan. Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya yi dogon bayani a kan tufafin Kano da nisan ƙasashen da ake kai su. Ko ɗaya babu a cikin manazartarta. Shekara huɗu tana shiga jami'a tana fita, ba a samu mutum guda da ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake gano wanda ya riga ka magana a kan batunka ba.

Mu da muka tashi a cikin ganuwar nan mun san ba haka ake karatu ba. A zaure ba a taɓa miƙa wa almajiri littafi a juya masa baya. Malam ne zai ce ka fara da Ƙawa'idi, ka shiga Ahalari, ka wuce Ishmawi da Iziyya, ka kai Risala, kafin a yi zancen Muhtasar. Idan ka kawo wata mas'ala, tambayar farko ita ce a wane littafi ka gani, kuma wa ya karantar da kai. Idan littafin da kake nema ba ya wurinsa, zai ce je ka wurin Malam wane a Madabo, ko a Salga, ka ce ni na aiko ka. Malamin zaure yana koyar da karatu, yana kuma koyar da hanyar zuwa ga littafi, kuma bai ɗauki na biyun a matsayin ƙaramin aiki ba. Malaman hadisi kuwa kowa ya san ba sa karɓar magana sai da isnadi, sai an jera wanda ya ji daga wa. Manazartar da ake nema a ƙarshen kundin ɗalibi ita ce wannan jerin. Ɗan garin da ya gaji wannan tarbiyya bai kamata a same shi yana jingina magana ga littafin da babu shi ba.

Kuma jami'ar farko a garin nan ma a cikin birni aka haife ta. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Tushen ilimin zamaninmu a jikin na zaure yake. A hanya muka yar da abin da ya fi amfani.

Me ake yi yanzu a yawancin manyan makarantunmu? Makon farko a kwashi sababbin ɗalibai ɗari-ɗari a zaga da su laburare, wani yana magana a gaba, na baya ba ya ji. A ba su kati. Sai kuma darasin gama-gari na aji ɗaya a kan amfani da laburare, a cikin babban ɗakin lacca, inda za su haddace ma'anar katalog da ire-iren laburare su zuba a jarrabawa su manta. Ɗalibi zai ci darasin da maki mai kyau alhali bai taɓa ɗaukar lamba daga katalog ya bi kanta ya zaro littafi da hannunsa ba. Kamar ka kawo baƙon da bai taɓa zuwa Kano ba ka tsayar da shi a bakin kasuwar Kurmi, ka ce duk abin da yake so yana ciki, ka yi tafiyarka. Gaskiya ka faɗa masa, amma zai wuni yana zagaye a lungu ɗaya, daga ƙarshe ya sayi abin da ɗan kamasho ya tura masa.

Abin takaicin shi ne abubuwan da ake buƙatar a koyar ba su da wuya. Yawancin laburaren jami'o'in Nijeriya suna jera littafi ne a kan tsarin Laburaren Majalisar Amurka. Haruffa da lambar da ke gadon bayan littafi adireshinsa ne: BP na addinin Musulunci, DT na tarihin Afirka, K na shari'a, R na likitanci, PL kuma nan za ka tarar da Hausa da sauran harsunan Afirka. Ɗalibin da aka nuna wa wannan sau ɗaya a gaban kanta ba zai manta ba, kuma zai gano cewa littafin da ke kusa da wanda ya zo nema sau da yawa ya fi shi amfani. Haka rumbunan mujallu na intanet. JSTOR ya sauƙaƙa wa makarantun Afirka shiga tun 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari a 2002 don masu nazarin lafiya, AGORA ta biyo baya a 2003 don masu nazarin noma. AJOL ya tara mujallun Afirka, har da na jami'o'inmu. Google Scholar kyauta ne, yana kuma nuna maka waɗanda suka ambaci maƙala bayan fitarta, ka bi su har ka iso aikin bana. Zotero kyauta ne, yana adana maka duk abin da ka karanta ya tsara maka manazarta. Ɗalibin Larabci da na addini yana da Maktaba Shamila, amma shi ma sai an koya masa ya koma ga bugun littafin ya tabbatar da shafi. Ka tambayi ɗaliban aji huɗun da ka sani nawa ne suka san makarantarsu tana da kalmar sirrin shiga irin waɗannan rumbuna, nawa ne kuma suka san ofishin da za su je su karɓa.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ba na cikin masu cewa a haramta. Ta zo ke nan. Amma dole a gaya wa yaro ƙarara cewa wannan na'ura tana iya ƙaga sunan littafi da marubuci da shafi, ta kawo maka da cikakken ƙarfin hali. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu. Idan lauyoyi masu lasisi sun faɗa wannan rami, ina ga yarinyar da ba a taɓa ce mata ta bincika ba?

Duk inda zancen littafi ya taso sai na ambaci Malam Umaru Falke, kuma yau ma ba zan fasa ba. Bakano ne, malami kuma falke, almajirin Malam Muhammadu Salga, ya rasu a 1962. Ya bar littattafai da takardu fiye da 3,000, na fiƙihu da tauhidi da waƙoƙi da magunguna da wasiƙu, na Larabci da na ajami. Yau suna Laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern da ke Evanston, kusa da Shikago a Amurka. An jera su, an ba kowanne lamba, an yi musu katalog, har wani masani, Abdullahi Mohammed, ya yi digirinsa na uku a kansu a 1978. Na sha jin mutane suna ɓacin rai cewa an kwashe mana dukiya. Ni abin da ke damuna daban ne. Mai bincike daga kowace ƙasa yana iya sanin abin da ke cikin akwatunan Malam Umaru, saboda wani ya zauna ya rubuta. Amma wa zai iya gaya maka abin da ke cikin adakokin gidajen malamai da ke tsakanin Madabo da Koki da Sanka a yau? Gara tana ci, damina tana jiƙawa, magada suna rabawa, wasu ma ba su san abin da ke hannunsu ba. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci yadda aka shigo da littattafan tauhidi da lugga daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, Shehu Magili kuma ya zauna a garin nan a zamanin Muhammadu Rumfa ya yi rubutu. Birnin da ya shafe fiye da shekara 500 yana tara littafi, ɗansa yana zuwa shagon buga takardu ya sayi kundi.

Eh, saya. Kada mu yi kamar ba mu sani ba. A bakin ƙofar kusan kowace babbar makaranta akwai shagon da za ka faɗi taken aikinka a zaro maka tsohon kundin wani, a canza suna da shekara da sunan ƙaramar hukuma, a ɗaure da baƙin bango. Wannan wankiya ba ta yiwuwa sai da sakacin mai dubawa. Malamin da ya sa hannu a kundin da bai buɗe manazartarsa ba ya ci amana, ko da ɗalibai hamsin aka ɗora masa. Malamin da ya shekara goma yana sayar da takardar lacca guda, yana kuma jarraba ɗalibai a kan abin da ke cikinta kaɗai, shi ne ya rufe ƙofar laburare, ba mai gadi ba. Yaro ba wawa ba ne. Idan ya ga shafi ashirin sun isa ya ci jarrabawa, me zai kai shi kanta? Su ma ma'aikatan laburare ba zan wanke su duka ba. Akwai masu ƙwazo da suka karanci wannan fanni har digiri na uku, suna zaune suna jiran mai tambaya. Amma akwai wanda ɗalibi zai yi wa sallama ya ɗago kai kamar an zo cin bashi, kuma yaron da aka kunyata sau ɗaya ba ya dawowa. Na san za a ce babu wuta, babu kuɗi, intanet tana yankewa, kuma gaskiya ne, sai dai TETFund tana ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin raya laburare, kuma nuna wa yaro kanta ba ya cin ko lita ɗaya ta man janareta.

Abin da nake nema a yi ba sabon gini ba ne. Kowane sashe a ba shi ma'aikacin laburare guda da ɗalibai za su san sunansa da fuskarsa da lambar ofishinsa. A daina tattara koyarwar a aji ɗaya lokacin da yaro bai san ma me zai nema ba. A dawo da ita aji uku, daidai lokacin da ake zaɓen taken bincike, a rukuni ƙanana, kowa da batunsa a hannu, a zauna gaban kwamfuta ko wayarsa ya nemo maƙala biyar na gaske kafin ya tashi. Idan bayanin da Turanci ya tsaya wa yaro a wuya, a yi masa da Hausa. Ba jarrabawar Turanci ake yi ba a wannan zama, so ake ya gane. Kuma kada a amince da taken kowa sai ya kawo shaidar ya zauna da ma'aikacin laburare, ya kuma nuna wa mai dubawa ainihin abin da ya ce ya karanta.

Ɗaliban tarihi da Hausa da Larabci kuwa a fito da su daga harabar makaranta. A kai su Gidan Makama, a kai su Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, a kai su Mambayya su ga abin da ya shafi Malam Aminu Kano da siyasar NEPU, a kai su Laburaren Murtala Muhammad. Wanda aikinsa ya kai, a rubuta masa takarda zuwa Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a gaya masa yadda ake neman fayil tun kafin ya hau mota. Sassan nazarin laburare da na Larabci su nemi izinin gidajen malamai, ta hannun Masarauta da masu unguwanni, ɗalibai su riƙa shiga suna rubuta sunan kowane littafi da marubucinsa da yawan warƙoƙinsa, a ɗauki hotonsa, a bar wa masu shi kayansu. A lissafa musu wannan a matsayin aikin kammala digiri. Gida ɗaya a kowane zango ya isa a fara, kuma ina da yaƙinin akwai magadan da za su buɗe ƙofa idan aka zo musu da ladabi aka kuma tabbatar musu ba za a fita da ko warƙa ɗaya ba.