Yamai ko Niamey? Rubutunmu na ɓacewa a Google

Ran nan wata ƙawata ta nemi rubutuna kan ambaliyar 2024 a Google, ba ta same shi ba. Ita "ambaliya Yamai" ta danna, ni kuwa "Niamey" da "inondation" na yi ta zubawa tun daga sama har ƙasa. Laifina ne.

Tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yau muna rubutu kamar masu jin Faransanci kaɗai ke nemanmu. Mai waya a Harobanda "kasa" zai danna, ba "ƙasa" ba, don wayarsa ba ta da harafi mai ƙugiya. Ɗan Kano ya rubuta 'ya'ya, mu nan ƴaƴa. Wani ya ce Zinder, wani Damagaram.

Wasu ƴan uwa sun ce magani shi ne a maimaita kalma ɗaya sau talatin. A'a wallahi. Google na ɗaukar wannan a matsayin maguɗi, yana iya tura rubutun can baya, mai karatu ma ya gundura. Ku sa sunan da jama'a ke faɗa a kan take, ɗayan ya shigo a jimla ta biyu. Ni dai na koma na gyara nawa, Yamai ce a taken yanzu.